BABI NA BIYU: YADDA ƘWAYOYIN ƘWAƘWALWA KE GANE JUNA DA ILLAR DALMA GA WANNAN AIKI

2.0 Gabatarwa

Manufar wannan bincike ita ce nazarin illar da gurɓataccen ruwa da ƙurar unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Calawa da Bompai ke iya yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Kafin a kai ga wannan, ya wajaba a fahimci yadda ita ƙwaƙwalwar ke ginuwa, domin sai an san yadda aka ɗora gini ake gane inda zai iya tsagewa. Saboda haka, a wannan babi za a yi bayanin yadda ƙwayoyin jijiya ke nemo abokan hulɗarsu ta hanyar furotin ɗin da ke jikin tantaninsu. Daga nan za a dubi yadda dalma ke shiga cikin wannan aiki ta ɓata shi, sannan a danganta bayanin da yanayin Sharaɗa da kewayenta.

2.1 Matsalar da Ke Gaban Ƙwaƙwalwa

Ƙidayar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka yi a ƙasar Birazil a 2009 ta nuna cewa ƙwaƙwalwar baligi na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa gajeru masu karɓar saƙo, tana kuma da igiya guda mai tsawo wadda ke fitar da saƙo, ana kiranta akson. Wurin da igiyar wata ƙwaya ta sadu da reshen wata shi ne za a riƙa kira mahaɗa a wannan aiki. A mahaɗa ƙwayoyin biyu ba sa narkewa su zama ɗaya. Akwai ɗan gibi tsakaninsu da bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. An ƙiyasta cewa irin waɗannan mahaɗu sun kai tiriliyan 100.

Mai haɗa wayoyin lantarki a masana'anta yana da taswira a hannu, kuma launin kowace waya yana nuna masa inda za ta shiga. A cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi babu ma'aikaci, kowace igiya ita ke kai kanta. Bugu da ƙari, ƙwayoyin gadon ɗan'adam masu ba da umarnin ƙera furotin ba su wuce 20,000 ba. Ke nan ba zai yiwu a ce kowace mahaɗa tana da nata umarni na daban ba. Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna bibiya ita ce: ta yaya umarni kaɗan ke tsara mahaɗu masu yawan gaske ba tare da sun cakuɗe ba?

2.2 Tarihin Binciken a Taƙaice

A 1890 Santiago Ramón y Cajal, wani likita ɗan ƙasar Sifen, ya duba lakar bayan ɗan tayin kaza da madubi mai ƙara girman abu, ya ga kan kowace igiya mai tsirowa ya yi faɗi yana da 'yan yatsu. Wannan kan shi ne za a kira goshin tsiro. Cajal ya yi hasashen cewa goshin yana bin wani sinadari ne da ke fitowa daga inda aka nufa.

Gwajin da ya fi tasiri shi ne na Roger Sperry a Amurka a farkon shekarun 1940. Kwaɗo da danginsa suna da baiwar cewa idan aka yanke jijiyar idonsu takan sake tsirowa. Sperry ya yanke jijiyar, ya juya ƙwayar idon sama ta koma ƙasa, ya bar ta ta warke. Da gani ya dawo, sai aka tarar idan ƙuda ya gifta ta sama dabbar takan kai cafka ƙasa, kuma ba ta taɓa gyara wannan kuskure ba komai daɗewa. Ma'anar wannan ita ce kowace igiya ta koma ainihin wurinta na farko a ƙwaƙwalwa, ko da yake komawar ba ta amfani dabbar ba. Bisa ga wannan ne a 1963 Sperry ya gabatar da ra'ayinsa cewa ƙwayoyin jijiya suna ɗauke da alamomin sinadari a jikinsu, kuma igiya tana haɗuwa ne da ƙwayar da alamarta ta dace da tata. A lokacin bai san ko mene ne alamomin ba. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa furotin ne iri-iri da ke kafe a tantanin ƙwaya, kansu yana waje, gindinsu yana ciki.

2.3 Matakan Haɗuwa

Domin sauƙaƙa bayani, ana iya kwatanta tafiyar igiyar jijiya da tafiyar fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yana da jagaba mai nuna hanya, yana yada zango a wurare sanannu, yana kauce wa inda ake jin tsoro, idan ya isa kuma kowane falke yana da fatoman da yake sauka a gidansa. Haka igiyar farko ke share hanya sauran su bi bayanta. Ana iya kasa aikin zuwa matakai huɗu kamar haka:

2.3.1 Neman Hanya

Goshin tsiro yana ɗauke da furotin masu karɓar saƙo. Idan ɗaya daga cikinsu ya haɗu da furotin ɗin da ya dace da shi a kan hanya, sai ya aika da umarni cikin ƙwaya cewa a miƙa ta nan ko a janye. Manyan rukunan da aka gano a shekarun 1990 guda huɗu ne: netirin da silit da samaforin da efirin.

Misali mai kyau shi ne igiyoyin da ke tsallakawa daga wani ɓangare na laka zuwa ɗaya ɓangaren. Netirin, wanda Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa suka tace a 1994, shi ke jan su zuwa tsakiya. Wasu bincike biyu da aka buga a 2017 sun nuna cewa netirin ɗin da aka shimfiɗa a kan hanyar ita kanta, wanda igiya ke takawa, ya fi muhimmanci a kan wanda ke fitowa daga tsakiyar. A tsakiyar kuma akwai silit, wanda aikinsa kora ne. Kafin tsallakawa igiya ba ta jin korar. Da zarar ta tsallaka sai furotin mai suna robo, wanda ke karɓar saƙon silit, ya yawaita a goshinta, wurin da ya jawo ta ɗazu ya koma yana korarta. Wannan ne ke hana ta zama a tsakiya ko komawa baya.

Ana ganin muhimmancin wannan a jikin mutane. A 2004 an gano cewa tawaya a ƙwayar gadon wani nau'in robo tana hana wasu igiyoyi tsallakawa a ƙasan ƙwaƙwalwa. Masu wannan larura ba sa iya juya idanunsu dama da hagu, kuma ƙashin bayansu yana karkacewa yayin da suke girma. Haka nan a 2010 an gano cewa tawaya a furotin mai karɓar netirin tana sa idan mutum ya motsa yatsun hannu ɗaya, na ɗaya hannun su motsa ba da nufinsa ba.

2.3.2 Gane Unguwa

Amsar gwajin Sperry ta fara fitowa ne daga ɗakin binciken Friedrich Bonhoeffer a garin Tübingen na Jamus. A 1987 suka shimfiɗa tantanin da aka ɗebo daga gaba da kuma bayan sashen gani na ƙwaƙwalwar ɗan tsako, layi-layi, suka saki igiyoyin ido a kai. Igiyoyin da suka fito daga gefen ido na wajen kunne suka ƙi taka layin da aka ɗebo daga baya. A 1995 aka gano cewa abin da suke gudu shi ne efirin.

Efirin yana da yawa a bayan sashen gani, yana raguwa sannu a hankali zuwa gaba. A cikin ido kuma furotin mai karɓarsa yana da yawa a gefen kunne, yana raguwa zuwa gefen hanci. Igiyar da ke da mai karɓa da yawa tana jin korar tun da wuri, sai ta tsaya a gaba. Wadda ke da kaɗan takan wuce har baya kafin ta ji. Ta haka furotin 'yan ƙalilan ke jera dubban igiyoyi kowace a gurbinta, domin yawan furotin ɗin ne ke zama adireshi. Wannan ita ce dabara ta farko ta tsimin umarni.

2.3.3 Gane Ɗan'uwa

Rassan ƙwaya guda suna buƙatar su bazu ba tare da sun hau kan juna ko sun ƙulla mahaɗa da juna ba, alhali kuwa dole su cuɗanya da rassan maƙwabta. Ke nan sai reshe ya iya bambance ɗan'uwansa da bare. A 2000 Dietmar Schmucker da Lawrence Zipursky suka gano cewa a jikin ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, ƙwayar gado guda mai suna Diskam tana iya fitar da furotin iri 38,016, ta hanyar zaɓen gutsattsarinta ana harhaɗawa. Kowace ƙwayar jijiya tana ɗaukar 'yan kaɗan daga ciki, su zama kamar tsagar gidansu. Kowane iri yana kama irinsa ne kawai. Idan rassa biyu suka haɗu alamarsu ta zo ɗaya, sai su rabu, tamkar yadda sanin cewa an fito ciki ɗaya ke hana aure. A jikin ɗan'adam da ɓera wani rukuni ne mai suna furotokadirin, mai nau'i fiye da 50, ke yin wannan aiki, kamar yadda binciken ɗakin Joshua Sanes na jami'ar Harvard ya nuna a idon ɓera a 2012. Harhaɗa alamomi kaɗan a sami iri masu yawa ita ce dabara ta biyu.

2.3.4 Zaɓen Abokin Hulɗa da Ƙulla Mahaɗa

Bayan igiya ta isa unguwar da ta nufa, za ta tarar da ƙwayoyi iri daban-daban a cunkushe. A nan furotin masu manne ƙwaya da ƙwaya ke aiki. Mafi shahara shi ne kadirin, wanda Masatoshi Takeichi na jami'ar Kyoto ta Japan ya faro bincikensa a 1977. Kadirin yakan fi kama irinsa, don haka ƙwayoyi biyu masu nau'i ɗaya sukan manne. Wani rukunin mai suna tenurin shi ma haka yake: a 2012 ɗakin binciken Liqun Luo na jami'ar Stanford ya nuna cewa a sashen shaƙar ƙamshi na ƙuda, igiya mai tenurin da yawa tana zaɓen ƙwaya mai tenurin da yawa, kuma idan aka canza yawan sai zaɓen ya canza.

Ƙulla mahaɗar kuma ya dogara da wasu furotin biyu da Thomas Südhof ya gano, nureksin a 1992 da nuroligin a 1995. Na farko yana ɓangaren mai aikawa, na biyu yana ɓangaren mai karɓa, suna riƙe da juna ta cikin gibin mahaɗa. A 2000 Peter Scheiffele da abokan aikinsa suka sanya nuroligin a jikin ƙwayar da ba ta jijiya ba ce, sai igiyoyin da suka taɓa ta suka fara gina mata rabin mahaɗa. A 2003 kuma masu bincike a cibiyar Pasteur ta Faransa suka sami tawayar nuroligin a wasu iyalai masu yaran da ke da larurar otizim.

2.4 Gyaran da Amfani Ke Yi

Furotin ɗin da aka ambata suna shimfiɗa tsarin farko ne, kuma sukan ƙulla mahaɗu fiye da buƙata. Bayan haihuwa, mahaɗar da ake amfani da ita takan ƙarfafa, wadda ba a amfani da ita a warware ta. David Hubel da Torsten Wiesel sun nuna haka a 1963 lokacin da suka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa na wasu watanni. Da aka buɗe, idon lafiyarsa lau, amma ƙwaƙwalwa ta daina amsa masa, domin igiyoyin ɗaya idon sun mamaye gurbinsa. Rufe idon babbar kyanwa bai haifar da haka ba. Wannan ya nuna akwai ƙayyadadden lokaci na wannan gyara, kuma Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

2.5 Matsayin Kalsiyam da Shigar Dalma

Idan aka lura, akwai sinadari guda da ke ratsa yawancin waɗannan matakai, wato kalsiyam. Ɓangaren kadirin da ke waje gaɓoɓi biyar ne, kuma ƙwayoyin kalsiyam uku-uku ne ke zama a tsakanin gaɓa da gaɓa su sa shi ya miƙe. Idan babu kalsiyam sai ya langaɓe, ya kasa kama ɗan'uwansa. Riƙon nureksin da nuroligin shi ma sai da kalsiyam. Haka kuma ƙarfafa mahaɗar da aka yi amfani da ita yana faruwa ne idan wata ƙofa ta furotin ta buɗe kalsiyam ya shiga cikin ƙwaya.

Dalma ba ta da wani amfani a jikin ɗan'adam, amma a wajen caji da girma ta yi kama da kalsiyam, don haka furotin da yawa sukan karɓe ta a madadinsa. Illarta ga haɗuwar ƙwayoyi ta haɗa da:

(a) Tana toshe ƙofar da kalsiyam ke shiga, sai ƙwaƙwalwa ta kasa tantance mahaɗar da za a ƙarfafa da wadda za a warware.

(b) Tana tayar da wasu furotin na cikin ƙwaya ba a lokacinsu ba, domin suna ɗaukarta a matsayin kalsiyam.

(c) Tana jinkirta balagar wani furotin mai mannewa da ake kira enkam. A jikin ɗan tayi enkam yana lulluɓe da wani dogon sukari mai rage masa danƙo domin ƙwayoyi su iya tafiya, daga baya a cire sukarin domin mahaɗu su kafu. A 1987 Ciaran Regan da abokan aikinsa a birnin Dublin suka nuna cewa dalma, ko da kaɗan ce, tana hana wannan sauyi kammala a kan lokaci a ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓeraye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da baligi ke tsotsewa, kuma babu wani adadi na dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. Tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. Yaron da ke da ƙarancin kalsiyam ko sinadarin ƙarfe a abincinsa ya fi tsotse ta. Tun a 1979 Herbert Needleman ya auna dalma a haƙoran famfarar 'yan firamare a jihar Massachusetts ta Amurka, ya tarar waɗanda tasu ta fi yawa sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, ko da yake babu mai alamar ciwo a cikinsu.

2.6 Darasin Zamfara da Yanayin Sharaɗa

A 2010 ƙungiyar Likitoci Ba Iyaka ta gano mace-macen yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Dalili shi ne ana daka duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, ƙurar tana zuba inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da dalma a jininsu. Irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

A Kano hanyoyin sun bambanta, kuma illar a ɓoye take zuwa. Gurɓataccen ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Calawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, har madatsar ruwa ta Wasai. A gefen waɗannan rafuka manoman rani suna ban ruwa ga latas da alayyafo da kabeji da karas da ake kaiwa kasuwannin birni. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yin ta, amma kamfanonin jima na zamani da kuromiyam suke aiki, kuma shi ne babban ƙarfen da ke cikin ruwan da suke fitarwa. Ita dalma ta fi fitowa daga fasa tsofaffin baturan mota da narka su, da wasu nau'o'in fenti, da ƙona tarkacen kayan lantarki. Nazarce-nazarcen da aka yi a jami'o'in Arewa sun sha samun ta tare da kuromiyam da kadmiyam a ruwa da ƙasar waɗannan wurare. Ma'aikaci kuma yana iya kai ƙurarta gida a tufafinsa da takalminsa.

Akwai kuma wata hanya da ke cikin ɗaki. Kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai yawanci ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini yana ceton rai idan ta yi yawa, kamar yadda aka gani a Zamfara. Sai dai wani gwaji da aka yi wa yara 780 a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa maganin ya rage dalmar jininsu amma bai ɗaga basirarsu ba. Bayanin da ya gabata ya nuna dalili: neman hanya da zaɓen abokin hulɗa da tace mahaɗu kowanne yana da lokacinsa, kuma fitar da dalma daga baya ba ya mayar da igiya inda ya kamata ta je. Saboda haka nauyin ya koma kan hana ta isa ga mai ciki da yaro tun farko, aikin da ya shafi masu masana'antu da iyaye da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin dokokin muhalli.

2.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙwayoyin jijiya suna haɗuwa ne bisa alamomin furotin da ke jikin tantaninsu, wasu na ja, wasu na kora, wasu na mannewa. An ga yadda bambancin yawa da harhaɗa alamomi da sauya su a kan lokaci ke sa ƙwayoyin gado kaɗan su tsara mahaɗu masu yawa, sannan amfani ya tace su bayan haihuwa. An kuma nuna cewa yawancin aikin ya dogara da kalsiyam, wanda dalma ke kwaikwaya, kuma ɓarnar da ta yi a ƙuruciya ba ta gyaruwa da magani. A babi na gaba za a bayyana hanyoyin da aka bi wajen ɗibar samfurin ruwa da ƙasa da ganyaye a Sharaɗa da kewayenta.